Auren da Na'urar Fulawa Ta Ɗaura

"Gajiya kuma? Ba ni za ka tambaya ba, Maigadi. Tambayi wadda ta fizgo ni daga kan tabarma ko shayina ban ƙarasa ba. Mace ba ta da aiki sai jan mijinta layi."

"Miji ko kaya?" in ji matar da ta zo da tsohon, tana jingine baro a jikin katanga. "Da na san haka tafiyarka ta koma, da baro biyu na aro, ɗaya na fulawa ɗaya naka. Baba Maigadi ina kwana. Ka yi haƙuri, na zo maka da tarkace."

Na amsa gaisuwarsu, na jawo wa tsohon bencina. Ni ne maigadin siton fulawa na unguwarmu, kuma in ka cire masu dako, ni kaɗai ne mai rai da ya rage a wurin. Tun da aka fara yaƙin nan a can wata uwa duniya, a garuruwan da ko sunansu harshena ba ya iya juyawa, jiragen ruwan alkama suka daina zuwa yadda suka saba, man dizal ya fi ƙarfin kowa, fulawa ta koma abin rabo. Kamfani ya ce ba zai iya riƙe akawuna ba. Aka sallame su, aka kafe wani allo mai lasifika a tagar da suke zama, aka ce mana wai ƙirƙirarriyar basira ce: tana ji, tana magana, tana rubutawa, ba ta tafiya cin abinci, ba ta neman ƙarin albashi. Ni an bar ni ne saboda har yanzu ba a ƙera na'urar da za ta kori akuya daga bakin ƙofa ba. Na ji an ce akwai masu tsada da suke gane har gatse. Mu dai ta araha aka sayo mana, muka raɗa mata suna Kunnuwa.

Ita wannan mai baron tana cikin waɗanda aka sallama, har yau ma Akawu muke ce mata. Ba ta zauna kuka ba. Ta gina tanderu a bayan gida ta kama yin burodi, domin motar mijinta tana kafe a kan duwatsu tun da mai ya gagara, kaji ne suke kwana a ƙarƙashinta. Da ƙyar ta samu masu shayin unguwa suka yarda suna karɓar nata, bisa sharaɗin kada ta fasa ko safiya guda, in ta fasa su koma wa babban gidan burodi. Ranar nan kuwa fulawarta ta ƙare ƙaf, ta ce har buhun ta kakkaɓe. Shi kuma tsohon, kakanta ne, uban mahaifinta, tsohon tela ne da ido ya yi wa ritaya amma baki ya ƙi bin sahu.

Na tambaye shi me zai yi da fulawa, shi da yake zaune shi kaɗai. Ya ce kason gidansa ya zo karɓa, zai buɗe gidan burodi daidai ƙofar gidanta ya kwashe mata masu ciniki.

"Da wane hannun za ka kwaɓa?" in ji Akawu. "Wanda yake rawa ko wanda ya fi shi rawa?"

"Rawar ce sirrin. Ƙulli yana son girgiza. Ke da kike da ƙarfin banza, shi ya sa naki yake fitowa kamar bulo."

"Bulon ne ya riƙe ka har ka kai yau."

"Ni? Allah ya kiyashe ni. Kajin maƙwabta nake zuba wa, su ma sai sun jiƙa."

Haka suka yi ta yi har layi ya kawo kansu, mutane suna ta dariya. Ni ne ban yi ba, don na san makon sabuwar rajista ne, kuma na san halin Kunnuwa. Na matsa na raɗa wa tsohon cewa in ya isa taga ya kama bakinsa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce shi da ya yi wa manyan mutane ɗinki yana zolayarsu suna biyansa, ba akwatin talabijin ne zai koya masa magana ba.

Akawu ta dangwala yatsa, Kunnuwa ta gaishe ta, ta tabbatar mata da kasonta na masu sana'a, babban buhu. Tsohon ya dangwala nasa. Na'ura ta tambaye shi ko tare yake da wadda ke gabansa, kuma mece ce dangantakarsu.

"Wannan? Matata ce. Uwargida ce ma. Wani direba ne ya sace min ita, ina nan ina shirin kai ƙara."

Allon ya yi ƙyafta-ƙyafta. Cikin muryar nan tata mai sanyi kamar ta ma'aikaciyar jinya, Kunnuwa ta ce ta gode, ta rubuta su miji da mata, gida ɗaya. Ta ƙara da cewa gidan da ke karɓar kason sana'a ba ya karɓar kason gida, saboda haka an soke buhun maigida. Ta rufe da yi musu fatan zaman lafiya.

Layi ya ɓarke. Akawu ta dafa baro tana dariya har da hawaye.

"Allah ya sanya alheri, ango. Ga aure ya ɗauru, ga gidan burodi ya rushe."

"Ke akwati, wa ya ba ki waliccin?" in ji tsohon, yana ƙwanƙwasa allon da sandarsa. Na riƙe sandar, don in ya fashe ni za a tambaya.

Kunnuwa ta ce ba ta fahimci tambayar ba.

"Abu mai sauƙi ne," in ji Akawu. "Ka sake ni ka karɓi buhunka. Ga shaidu cike da layi. Ni ma na huta da miji mai kwana da hula."

"In sake ki? Ashe abin da kika jawo ni nan ki yi ke nan. Ke da direban nan kuka haɗa baki da akwati."

"Kalma uku ce kacal. Ko in rubuta maka a babban baƙi, tunda idon ya tafi?"

"Kakarki ta zauna da ni har Allah ya karɓi abarsa, ko a mafarki kalmar nan ba ta taɓa fita daga bakina ba. Ba zan fara a kan fulawa ba."

"To ka zauna da yunwarka, mai amana."

"Taimakonki nake yi, yarinya. In na sake ki wa zai kwasa? Macen da burodinta ya karya min haƙora huɗu? Akuyar maƙwabcina ta ci ɓawonsa, kwana ta yi tana kuka, da safe aka yanka ta. Ai ke ya kamata a tura wa masu yaƙin nan, a daina ɓarnar harsashi."

Ya juya wajen layi yana jiran tafi, ya kuwa samu. Amma ni allon nake kallo, na ga ya koma ja.

Kunnuwa ta ce ta karɓi koke daga wanda ya ci burodin, na rauni ga mutum da asarar dabba. Ta ce an dakatar da kason wannan gidan burodi har sai mai bincike ya zo ya duba tanderu. Ta ba tsohon haƙuri game da haƙoransa, sannan ta kira na gaba.

Dariyar layi ta mutu a tsaye. Duk wanda ke wurin ya san mai bincike, ko in ce ya san labarinsa, domin tun da aka daina ba shi man babur ba wanda ya sake ganin ƙeyarsa. Akawu ta ja da baya. Ta saki hannun baro, ta goge tafinta a jikin zane, ta tsaya tana kallon tagar da ta yi shekaru a bayanta tana yi wa mutane alfarma. Wallahi tausayinta ya kama ni, haushin tsohon kuma ya fi tausayin yawa. Gobe da asuba masu shayi za su aiko, su tarar da tanderu a sanyaye, shi ke nan.

"Kaka," ta ce a hankali. Tun da nake da su ban taɓa jin ta kira shi da wannan sunan ba. "Ka kashe min wuta."

Tsohon ya yi tsuru-tsuru. Ya matsa jikin taga ya ce wa na'ura wasa yake yi, tsakaninsa da ita ne, haka suke tun tana rarrafe. Kunnuwa ta ce wasa ba ya cikin amsoshin da take karɓa. Na gaba a layi, wani mai shayi ne mai ƙaton tumbi, ya ce shi ba ya sauri, a bar tsoho ya gyara ɓarnarsa. Nan take Akawu ta tuna aikinta na da. Ta ce wa na'ura mai koke yana son janyewa. Kunnuwa ta ce ana iya janyewa kafin mai koke ya bar taga, in ya amsa tambayoyi da bakinsa, amsa ta gaskiya, ba ƙari ba ragi.

"Ba ƙari ba ragi," in ji Akawu, tana kallonsa. Na ga gefen bakinta ya fara motsi. "Yau za a ga abin da ba a taɓa gani ba."

Tambaya ta farko, shin burodin ya karya masa haƙori.

Ya yi gyaran murya. Ya ce to, karyewa dai iri-iri ce. Kunnuwa ta ce e ko a'a.

"A'a," ya ce. "Haƙoran sun riga burodin tafiya. Na roba ne a bakina."

"Na roba?" in ji Akawu. "Ba kai ka ce min sababbi ne suka tsiro maka saboda ƙuruciya ba?"

"Ke rufe min baki, ina magana da hukuma."

Aka zo kan akuya. Ya ce akuyar tana nan da ranta, ta ma haihu. Aka tambaye shi ko yana cin burodin da kansa. Ya kalli sama, ya kalli ƙasa, ya kalle ni kamar ni zan cece shi. Na ɗauke kai ina gyara sandata.

"Ina ɗan taɓawa."

"Kajin maƙwabta fa?" in ji ta.

"Su nemi nasu kakan."

Kunnuwa ta ce ya bayyana ingancin burodin. A nan tsohon hali ya motsa. Ya ce to, in mutum ya rasa abin ci, kuma likita ya tabbatar masa cikinsa na da ƙarfi, ana iya jarrabawa. Allon da ya fara komawa ruwan ɗorawa ya sake yin ja. Na'ura ta ce ta rubuta, inganci mai rauni, dakatarwa tana nan. Ta ce saura dama ɗaya.

Ba wanda ya yi dariya.  Tsohon ya jingine sandarsa a jikin taga, ya cire hularsa ya riƙe a hannu, abin da ko a asibiti sai an yi da gaske yake yi. Ya matso da bakinsa daf da lasifika.

"Ke akwati, buɗe kunnuwan naki da kyau. Burodin yarinyar nan babu irinsa a garin nan. Laushi gare shi, ba ta rage awo, ba ta zuba abin da zai kumbura shi ya yaudari mutum. Ni nake fara cin na farko kowace safiya, in ya ƙare in lashe takardar. Da ba shi da kyau, zan ɗauki ƙafafun nan in bi teburan masu shayi ɗaya bayan ɗaya, in sa a haɗa min shayi, in an miƙo burodi in ce in ba nata ba ne a mayar? Har gudawa na yi saboda yawan shayi."

Sai a lokacin ya farga da abin da bakinsa ya saki. Mai shayin nan mai tumbi ya ce wallahi gaskiya ne, shi kansa sau da yawa tsohon nan ya tayar masa da hankali a gaban masu ciniki, har ya gaji ya aika a karɓo. Wani daga baya ya ce shi ma haka. Akawu ta juya tana kallon kakanta kamar yau ta fara ganinsa. Duk wannan lokacin ta ɗauka ƙamshin burodinta ne ya kawo su.

Allon ya koma kore. Kunnuwa ta ce an janye koke, an dawo da kaso. Ta ce saura batun aure, tana son ya sake faɗin dangantakarsu, ba ƙari ba ragi.

"Jikata ce," ya ce. "'Yar ɗana ce, marigayi. Ni na ɗinka mata rigar makaranta ta farko. Kujerar da aka ɗora ki a kai tata ce, in ba ki sani ba. Ranar da aka kore ta saboda ke, ita ta koma gida ta fara auna wurin tanderu, ni ne na kwana ban ci abinci ba. Yaƙi ya hana mijinta mai, ke kin hana ta kujera, ga ta nan tana ciyar da gida har da ni. Rubuta wannan ma in kina da wurinsa."

Kunnuwa ta ce ta rubuta, jika. Ta warware aure, ta dawo masa da buhunsa.

Ni dai na juya na fyace hanci, na ɗora wa ƙurar fulawa laifi. Na zaci Akawu za ta fashe da kuka ta rungume shi. Ban san ta ba ashe. Ta share ido da bakin mayafi, ta gyara tsayuwa irin ta mai aikin ofis, ta ce wa na'ura mai sana'a tana neman a maimaita mata bayanin janye koke, da ƙarfi, don ta tabbatar babu kuskure.

"Kada ki kuskura," in ji tsohon.

Ina, Kunnuwa ba ta san kada ba. Ta buɗe lasifikar waje, wadda ake kiran layi da ita, ta karanto tun daga babu irinsa a garin nan, ta bi ta kan lashe takarda, har gudawar ba ta tsallake ba. Masu dako suka ajiye buhu suna tafi. Mai gyaran takalmi na tsallaken titi ya miƙe yana tambaya burodin wa ake nufi, aka nuna masa ita.

"Ban ji wajen babu irinsa ɗin nan sosai ba," in ji Akawu. "A sake."

"Maigadi, kashe abin nan. Ina wayarsa take in tsinke?"

"Ba ni da izini, Baba," na ce masa. Ko da ina da shi ma ba zan kashe ba.

"Sharri aka yi min. Tilasta ni aka yi. Mutum a hannun hukuma ai komai faɗa yake."

"A hankali dai," in ji ta, tana nuna masa allon da haɓa. "Kana gaban taga. Ko ka fasa janyewar ne?"

Ya toshe bakinsa da hula. Layi ya sake ɓarkewa, har da shi a ciki wannan karon, kafaɗunsa suna rawa. Da ya samu numfashi ya ce wa na'ura ta tura buhunsa kan baron jikarsa, shi ina zai kai fulawa, ko ruwan zafi sai an dafa masa. Akawu ta tambaye shi ina labarin gidan burodin da za a buɗe a ƙofar gidanta. Ya ce ya duba kasuwa ya ga ba ta da kyau saboda yaƙi, ya ɗage sai an yi sulhu.

Masu dako suka ɗora babban buhu da ƙarami, baro ya yi ƙara. Ta kama hannuwansa ta tura, tana tafe kamar wadda ta ci zaɓe. Da suka iso bakin ƙofa wajena, tsohon ya ja hannun rigata ya sunkuyo da kaina. Na ga maganganu sun cika masa baki har kumatunsa sun kumbura.

"Maigadi, tsakaninka da Allah, akwatin nan tana jiyo mu daga nan?"

Na dubi Akawu, ta dube ni.

"Har bakin babban titi take ji, Baba. In iska tana kaɗawa ta wajen ma tana wucewa."

Ya sake ni. Akawu ta ajiye baro ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"To tsoho, wa ya fi kowa iya burodi?"

Ya haɗiye yawu. "Ke."

"Wa ya fi kyau, ni ko kai?"

Ya daɗe yana taunar haƙoran robarsa. "Ke."

"Wa zai tura baro?"

Ya ƙyalƙyale da dariya, ya miƙa mata sandarsa, ya kama hannun baro ɗaya ita ta kama ɗaya. Haka suka miƙe titi, tana jero masa tambayoyi yana amsawa da ke, ke, ke, yana waiwayen sito kamar mai gudun kare. Kunnen Kunnuwa kuwa ko tsawon hannu bai wuce daga taga ba. Akawu ta sani, ni na sani, masu dako sun sani, kuma duk mun yi shawara ba mai gaya masa.